An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Fina-finan Ƴan Ƙwaya a Idon Damargu

Duk wanda ya san tashar motar Tanut, ko kasuwar Belbeji, ko rumfunan cajin waya da ke bakin titi a Bakin Birji, ya san cewa matasan Damargu ba sa jiran gidan sinima, domin sinimarsu tana cikin aljihu. Da ƴan kuɗi kaɗan mai tura fina-finai zai cika wa yaro katin wayarsa, shi kuma ya raba wa abokansa a fada, kafin mako ya zagayo wasan da aka ɗauka a wani lungu na Kano ya isa ruga a kwarin Tarka. A cikin abin da ake turawa akwai waƙoƙi da wa'azi da fassarar Indiya, amma akwai wani nau'i da ya yi ƙarfi ƙwarai a ƴan shekarun nan, wato wasannin ƴan daba da dillalan ƙwaya, waɗanda ake shiryawa da kuɗi kaɗan, a riƙa sakin su kashi-kashi a YouTube. Iyaye da malamai sun daɗe suna kuka da su, suna cewa suna koya wa yara riƙon wuƙa da baƙar magana. Wannan kuka yana da tushe. Sai dai akwai aibin da ya fi shi girma, wanda ba a cika ambata ba, shi ne wurin da waɗannan fina-finai suke ajiye ƙwaya, da kuma mutumin da suke ɗora wa laifinta.

Kafin a kai ga wannan, ya kamata a ba su haƙƙinsu. Fim ɗin Hausa na bidiyo ya soma ne da Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, kuma daga ƙarshen shekarun 1990, musamman bayan fitowar Sangaya, soyayya da rawa da waƙa suka mamaye kasuwa. Kusan shekara ashirin mai kallo yana ganin falo mai labule da lambun furanni da samari masu shadda, alhali rabin garin da ake ɗaukar fim ɗin a cikinsa bai taɓa leƙowa a allo ba. Da satar fasaha da wayar hannu suka kashe kasuwar faifai, sai masu shiryawa suka koma ga shiri mai dogon zango a talabijin da intanet. A wannan yanayi ne, a farkon shekarun 2020, irin su A Duniya na Tijjani Asase, wanda Daddy Hikima ya fito a cikinsa a matsayin Abale har sunan ya bi shi, da kuma Sanda, suka buɗe wata ƙofa da ƙananan masu shiryawa da yawa suka bi a guje. Ba Hausawa ne suka ƙago salon ba. Baƙaƙen fatan Amurka sun yi New Jack City da Boyz n the Hood a 1991, da Menace II Society a 1993, mutanen Barazil kuma suka yi City of God a 2002. Amma ba kwafi kawai aka yi ba, tun da Kano tana da ƴan dabarta tun kafin bidiyo, kamar yadda Katsina take da kauraye, Gombe take da ƴan kalare, Bauci take da ƴan sara-suka, Damagaram kuma take da nata ƙungiyoyin da ake kira «pale».

Abin da waɗannan wasanni suka fi ƙwarewa a kai shi ne harshe. A karo na farko aka bar ɗan wasa ya yi magana yadda ake yin ta a bakin kwata da bayan kasuwa, da zaurancenta da habaicinta da gatsenta, ba tare da an wanke ta an goge ba. Malamin Hausa da ke neman misalin yadda kalma take sake ma'ana zai same shi a nan a yalwace: «kaya» ta tashi daga abin da ake ɗauka a ka ta koma abin da ake haɗiya, «harka» ta zama sunan duk abin da ba a son faɗa a fili, «oga» kuma ta zama sarauta mai hawa-hawa. Rashin kuɗin ma ya yi musu rana ta wannan gefe. Wanda ba shi da halin hayar katafaren gida dole ya ɗauki fim a kango da bola da lungun da ruwan wanka ke bi ta tsakiyarsa, wanda ba shi da fitilu dole ya haska dare da fitilar babur. Sakamakon haka sai aka sami hoton birni mai gaskiya fiye da abin da manyan fina-finai masu tsada suka taɓa nunawa. Yaron Gangara ko Ollelewa da ke mafarkin tafiya ci-rani Kano yana ganin Kanon da zai tarar, ba wadda ake ba shi labari ba, kuma wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

To amma iya kuɗinka iya shagalinka. Wannan rashin kuɗin da ya kai kyamara lungu shi ne kuma ya ɗaure ta a can. Mai shirin da ke da kyamara ɗaya da kwana uku na aiki zai iya nuna yaro yana miƙa ƙulli a bayan kango, amma ba zai iya nuna tashar jiragen ruwa ba, ba zai iya hayar babbar mota ba, ba za a ba shi izinin ɗauka a ofishin duwan ba, kuma ko da an ba shi, yana da iyali da yake son komawa wurinsu lafiya. Saboda haka sarƙar fataucin takan tsinke a wuri ɗaya a kusan dukan waɗannan wasanni. Ana ganin mai saye, ana ganin ƙaramin dillali, ana ganin shugaban daba, daga nan sai wata murya a waya, ko wani Alhaji a falo wanda ba a san sana'arsa ba, ba a san jam'iyyarsa ba, ba a san wa ya sa masa hannu a takarda ba. Ita kanta ƙwayar ba ta da suna, ba ta da ƙasar da ta fito, ba ta da farashi. Kamar daga sama take faɗowa cikin aljihun marayan da kishiyar uwa ta kora daga gida.

Tsarin kasuwar ya ƙara tsananta lamarin. Kuɗin da ake samu a YouTube ya dogara ne ga yawan masu kallo, don haka kowane kashi sai an sa masa faɗa, kuma faɗan wannan mako sai ya ɗara na makon jiya. Labari yakan tsaya cik, ana ta sara da ramuwa, har sai mai shiri ya ga kallo ya fara ja da baya, sannan a kawo ƴan sanda, ko a kwantar da uwa a gadon asibiti, ko a fito da malami da carbi, jarumi ya yi kuka ya tuba. Mai kallo ba wawa ba ne. Ya san cewa an kashe awa talatin ana koya masa tafiyar jarumin da kallonsa da yadda yake ɗaga murya, an kashe minti biyar ana nuna nadamarsa, kuma ya san wanne daga ciki aka yi da zuciya ɗaya. Masu shiryawa sukan kare kansu da cewa faɗakarwa suke yi. Faɗakarwar da ba ta gaya wa mutum daga ina cuta take zuwa ba, rabin aiki ce.

A nan ne mai kallo na Damargu yake da abin da zai faɗa wanda na Kano ba lalle ya lura da shi ba, domin shi a bakin hanya yake zaune. Damargu ƙasar gero ce, amma tun asali ƙasar ayari ce kuma. Ta nan fatake suke bi tsakanin Kano da Damagaram da Agadas, a nan ne ma Bature Heinrich Barth ya rabu da abokan tafiyarsa a watan Janairu na 1851, kowa ya kama gabansa. Yau titin da ya tashi daga Damagaram ya ratsa Tanut, mai nisan kusan kilomita 150, ya miƙe zuwa Agadas, shi ne ya gaji waccan hanya, kuma abin da ke bi ta kansa ya wuce hatsi da dabbobi. Nijar ta daɗe tana cikin ƙasashen da ake ratsawa da miyagun ƙwayoyi zuwa Libiya da gaba da ita. A watan Maris na 2021 hukuma ta kama tan 17 na tabar wiwi da aka sarrafa a wani ɗakin ajiya a Yamai. A farkon watan Janairu na 2022 aka kama fiye da kilo 200 na hodar iblis a cikin motar magajin garin Fashi, a jahar Agadas. Babu ɗan daba ko ɗaya a cikin waɗannan labarai biyu, babu wuƙa, babu kango. Akwai ɗakin ajiya, akwai motar hukuma, akwai takardu.

Ƙwayar da ta fi shafar talaka kuwa, wato tiramol, labarinta ya fi haka nisa da abin da ake nunawa. Maganin rage zafin ciwo ne da wani kamfanin Jamus, Grünenthal, ya fitar kasuwa a 1977, kuma likita yakan ba da shi a awon miligiram 50 ko 100. Wanda ya cika kasuwannin Afirka ta Yamma a shekarun 2010 kuwa an yi shi ne da ƙarfin 120 da 200 da 225 har 250, akasarinsa daga masana'antun Indiya, yana sauka a tashoshin Kwatano da Lome da Ikko, sannan ya hau mota ya nufo arewa. Da Indiya ta tsananta doka a kansa a 2018, sai aka fara ganin wasu ƙwayoyin masu kama da shi, irin su Tafrodol, suna maye gurbinsa. Abin lura shi ne wanda yake sha da dalilin shansa. A faɗin Sahel, har da ƙauyukan Tanut da Belbeji, mai haɗiyar wannan ƙwaya sau da yawa ba ɗan daba ba ne. Ɗan ƙodago ne da ke son gama noman kadada kafin rana ta faɗi, ɗan kabu-kabu ne, mai lodin buhuna ne a ranar kasuwa, yaron mota ne da zai kwana biyu bai runtsa ba, saurayi ne da ya tafi haƙar zinariya Jado ko Cibarkaten bayan da aka gano ta a 2014, ya dawo da ɗabi'ar ko da bai dawo da zinariyar ba. Shi a wurinsa maganin gajiya ne, kuma ba a bayan kango yake sayen sa ba. A hannun mai tallar magani yake saye, da rana tsaka, tare da maganin ciwon kai da na zazzaɓi, a zuba a shayi ko kofi a sha a gaban kowa.

Idan aka ɗora wannan a kan abin da fina-finan suke nunawa, sai ɓarnar ta fito fili. Sun zana wa ɗan ƙwaya kama guda: mai tabo a fuska, mai jan ido, mai wuƙa a ƙugu, mazaunin birni. Ɗan ƙodagon da ke haɗiyar biyu kowace safiya yana kallon wannan hoto yana dariya, don bai ga kansa a ciki ba. Mahaifinsa ma bai gan shi ba, tun da yaron yana salla, yana noma, ba ya zagin kowa. Sai ranar da ya faɗi yana farfaɗiya a gona, wadda tana cikin sanannun illolin shan tiramol fiye da kima, sannan a fara neman mai ruƙiyya, ana cewa iska ce. Malamin makarantar da ke lura da ɗalibi mai gyangyaɗi da rawar hannu ya fi kowa sanin cewa alamomin da fim ya koya wa jama'a ba su ne alamomin da ke cikin ajinsa ba. Wasan da ya ce yana yaƙi da ƙwaya ya ƙare da ba mafi yawan masu shanta takardar shaidar cewa su ba su cikin lissafi.

Akwai fim ɗaya da ya kamata a ajiye kusa da waɗannan don a ga bambanci, shi ne Zinder, wanda Aisha Macky, haifaffiyar Damagaram, ta fitar a 2021. Ba wasan kwaikwayo ba ne, fim ne na gaskiya, da Hausa, wanda aka ɗauka a unguwar Kara-Kara, inda tun asali aka ware kutare da sauran waɗanda gari ya ƙi. Mutanen da ke cikinsa ƴan «pale» ne na haƙiƙa. Akwai Siniya Boy, na ƙungiyar da ta sa wa kanta sunan Hitila ba tare da sanin ko wane ne shi ba, wanda ke fafutukar mai da ƙartin abokansa masu ɗaga ƙarfe kamfanin gadi. Akwai Bawa, tsohon shugaban «pale» da ya koma kabu-kabu, yana ɗauke da nauyin abin da ya aikata. Akwai Ramsess, mai fasa-ƙwaurin man fetur daga Najeriya. Macky ba ta nuna sara ko ɗaya don ƙayatarwa ba. Tabon da ke jikinsu ta bari kyamara ta tsaya a kai, ta bar su su yi magana, ta bi su gidan kaso da bakin iyaka da wurin fasa dutse. Tubar Bawa ba ta minti biyar ba ce, aba ce da yake tashi da ita kullum, kuma babu wanda ya zo ya ce masa an yafe. Mafi muhimmanci, fim ɗin ya bi kuɗi: ya nuna abin da mutum yake ci idan ya bar laifi, da abin da yake rasawa, da dalilin da ya sa barin yake da wuya. Ɗan Damargu da ya ga jarkokin Ramsess zai ƙara wa kansa abin da ya sani, cewa matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011, a ƙasar gundumar Tanut take, amma a lokacin da aka ɗauki fim ɗin talakan Damagaram man sumoga yake saye a kwalba.

Gaskiya ne cewa gwamar ba ta yi daidai ba ta kowace fuska. Macky ta yi aiki da kamfanonin Faransa da Jamus, ta sami shekaru tana shiga unguwar kafin ta gama, abin da mai shirin YouTube da ke bin bashin kuɗin abincin ƴan wasa ba zai samu ba. Kuma fim ɗinta ya zagaya bukukuwan sinima na duniya, har da FESPACO ta Wagadugu, alhali a wayoyin samarin Tanut Abale ya fi Bawa suna nesa ba kusa ba. Ita ma ba ta kai ga manyan da ke saman sarƙar ba. Duk da haka abin da ya raba aikinta da nasu ba kuɗi ne kaɗai ba. Tsayawa a saurari mutum ba ya cin ko dala.

Hukumomi sun gwada nasu maganin. A 2018, bayan wani binciken BBC a kan maganin tari mai kodin, gwamnatin Najeriya ta hana sarrafa shi da shigo da shi, wanda ya nuna cewa kyamara tana iya girgiza masu iko idan ta bi kaya har ƙofar masana'anta. A watan Satumba na 2021 kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Jahar Kano, a ƙarƙashin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Niyyar ba ta da laifi, amma matakin bai dace da cutar ba. Ikon hukumar bai wuce iyakar jahar Kano ba, bai kai ga mai tura fim a tashar Tanut ba, kuma dokar da ta hana nuna shaye-shaye gaba ɗaya ta haɗa mai tallata shi da mai tona asirinsa ta ɗaure da igiya guda. Wanda ya fi jin tsoron irin wannan doka shi ne mai son yin aiki na ƙwarai, shi kuwa mai neman kallo ko ta halin ƙaƙa sai ya sauya gari ya ci gaba.

Abin takaici shi ne jahar Damagaram ba baƙuwa ba ce a fagen wasan da ke faɗa wa jama'a gaskiya. Ƙungiyar Yazi Dogo ta yi shekaru tana yin haka a rediyo da talabijin na ƙasa, da wasannin da ƴan wasa ke ƙaga maganarsu a kan labarin da aka tsara tare, suna taɓa ɗan kasuwa da ma'aikaci da boka ba tare da tsoro ba, har Ba'amurkiya Janet Beik ta rubuta littafi a kan wannan al'ada a 1987. A zamanin samariya kusan kowane gari yana da ƴan wasansa. A Agadas ma, a 2015, an yi fim da Mdou Moctar da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ya kuma zagaya duniya. Kayan aikin da ake buƙata yau sun fi na wancan lokaci araha, suna ma cikin aljihun ɗaliban da ake kuka da su.

Labarin da Kano ba za ta iya bayarwa ba yana nan a Damargu yana jiran mai ɗauka, kuma ƙungiyar al'adu ko ta makarantar sakandare tana iya ɗaukar sa da waya ɗaya a ranar kasuwa ɗaya. Ba ya buƙatar wuƙa ko jinin tumatir. Yana buƙatar mai tallar magani da farantinsa, wanda shi ma bashi ya karɓo kayan daga wani mai shago a Damagaram. Da ɗan ƙodago da aka yi wa jinga a kan gona, ya lissafa ya ga ba zai gama ba sai da taimako. Da mai gonar da ya san abin da yaron yake sha, ya kau da kai don damina ba ta jira. Da ma'aikacin asibitin ƙauye da aka kawo wa yaron a amalanke. Da babbar motar da ta tsaya a shingen jandarmomi minti biyu, aka gaisa, aka ɗaga sanda, ta wuce arewa da tamfol a rufe.